Injin kafe bayan kamfani ya janye hannu: me ke mutuwa, me ake iya rayawa

A ofisoshi da otal-otal na Yamai, har da wasu gidajen ma'aikata, injin da ke niƙa ƙwayar kafe ya matse ta ya zuba a kofi da danna maɓalli ɗaya ya daina zama abin kallo. Da yawansu na hannu ne, an kawo su daga Faransa ko Beljiyam ko Jamus bayan sun yi shekaru suna aiki a can. Ranar da irin wannan inji ya sauka a nan, garantinsa ya riga ya ƙare, babu wakilin kamfani da za a kai wa kuka, wani lokacin ma kamfanin ya daina ƙera samfurin gaba ɗaya. Halin da Bature ke shiga bayan shekara goma da sayen inji, mu da shi muke farawa. Shi ya sa ya kamata mai inji da mai gyara su san takamaimai abin da ke hannun kamfani shi kaɗai, domin ya fi yadda ake zato ƙanƙanta.

Idan aka kwance injin Philips ko Saeco ko DeLonghi ko Krups, kayan cikinsa sun kasu uku. Akwai waɗanda kamfanin bai ƙera da kansa ba, saya ya yi daga masu yi wa kowa: famfo, zoben roba, fizibil na zafi, tiyo, kondansatar, ƙananan makunnai. Akwai waɗanda aka zuba su da siffar wannan samfurin kawai, kamar sashen matsa (inda ake matse garin kafe), tankin ruwa da haƙoran niƙa. Na ukun shi ne makulli, wato manhajar da ke cikin kat (allon lantarkin da ke sarrafa injin), da duk wata dabara da ke hana injin aiki sai ya ga kafsul ko matata ko izinin kamfani ta intanet. Kashi na farko ba ruwansa da mutuwar kamfani. Na biyu yana ƙarewa a hankali. Na uku ne ke iya kashe inji mai lafiya a dare ɗaya.

An ga hakan a Amurka. Kamfanin Juicero ya sayar da injin matse ruwan ƴaƴan itace wanda sai ya haɗu da intanet ya karanta lambar da ke jikin leda kafin ya motsa. Ya rufe a 2017, ledojin suka daina fitowa, injinan suka zama ƙarfe. Kamfanin PicoBrew na birnin Seattle ya ƙera injin haɗa giya a gida, kayan da ba na gidajenmu ba, amma abin da ya same shi ya shafe mu. Injin yana karɓar tsarin dahuwa daga babbar kwamfutar kamfani ta intanet, kuma ƙunshin kayan haɗin yana ɗauke da alamar da injin ke karantawa. Da kamfanin ya durƙushe a 2020, masu injinan suka rubuta tasu manhajar, suka ɗora ta a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ke buɗe Wi-Fi nata a cikin gida. Idan injin ya nemi adireshin kamfani, ita ce ke amsawa da sunansa. Dabarar tana ci ne idan inji ba ya tsananta binciken shaidar wanda ke amsa masa, kuma sai an sami masu ilimin da za su zauna su fahimci saƙonnin da yake aikawa. Ba kowane samfuri ke samun irin waɗannan mutane ba, don haka ba abin dogaro ba ne ga mai saye a Yamai.

A ɓangaren kafe makullin ya fi zuwa ta kafsul. Tassimo yana karanta zanen layuka a saman kowane faifai kafin ya san yawan ruwa da zafinsa. Nespresso Vertuo yana karanta alama a bakin kafsul. Keurig ya fitar da samfuri a 2014 da ke ƙin duk murfin da ba nasa ba. Tsohon tsarin Nespresso, mai ƙaramin kafsul, ba ya karanta komai, kamfanoni da yawa suna yin kafsul ɗinsa, akwai ma na ƙarfe da ake cikawa da gari a wanke a sake. Ga wanda ke Tawa, inda kafsul sai an yi saƙo, wannan bambanci shi ne komai. Injin ƙwaya da Senseo mai ɗan matashin takarda sun fi kowa ƴanci.

Wanda injinsa ke da manhajar waya, ya gwada abu ɗaya tun yau: ya kashe Wi-Fi ya ga ko maɓallan jikin injin kaɗai suna iya fitar da kafe, su wanke, su yi zagayen cire farin ƙasa (allin da ruwa ke bari a cikin bututu). Idan suna iyawa, manhajar ado ce. Idan akwai aikin da sai da waya, a ajiye fayil ɗin manhajar a tsohuwar wayar Android, a kashe mata sabuntawa, a bar ta don wannan aiki. Kada a mayar da inji saitin masana'anta matuƙar rajistarsa ta farko sai da intanet aka yi ta, domin in kwamfutar kamfani ta mutu ba mai sake buɗe masa ƙofa. A ɗauki hoton farantin da ke ƙarƙashin inji, mai lambar samfuri da ƙarfin wuta, a sauko da littafin aiki da zanen da ke nuna kayan ciki ɗaya bayan ɗaya tun suna nan. Da wannan lamba ake neman piyas, sunan da aka rubuta a gaban inji ba ya wadatarwa. Kuma kada a sa rai ga dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan haƙƙin gyara: ta ambaci injin wanki da firij da waya, ba ta sa injin kafe a jerinta ba. Kamfanin SEB, mai Krups da Moulinex, shi ya ɗauki alkawarin ajiye piyas na shekara 15 ga yawancin kayansa, abin da ke da amfani in akwai mai zuwa daga Faransa.

Yanzu ga abin da ke kashe yawancin injinan da gaske, wato ruwa. Ruwan yana bi ta wani bulon ƙarfe mai siririn bututu a ciki, tamobulok, inda rezistans mai ƙarfin wat 1200 zuwa 1450 ke ɗaga zafinsa sama da digiri 90 cikin daƙiƙoƙi. Duk alli da ke narke a ruwa yana manne wa bangon bututun idan ya ji zafi. Ramin yana tsukewa, kafe ya riƙa fitowa ɗis-ɗis, famfo yana wahala, zafi ba ya ratsa farin ƙasan zuwa ruwa, sai bulon ya yi zafi fiye da kima har fizibil ya tsinke. Ruwan famfon Yamai daga kogin Kwara yake, ana tace shi a Gudel da Yantala, kuma ruwan kogi ba shi da alli sosai. Matsalarsa laka ce da tsatsar bututu, musamman da damina da lokacin da ruwa ya dawo bayan yankewa. Unguwannin da ke shan ruwan foraj, da Tawa da ke dogara ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, lissafinsu daban ne, kuma kowace rijiya da halinta. A duba gindin butar dafa ruwa. In yana fari cikin makonni kaɗan, injin ma haka cikinsa yake. Takardar gwaji tana ba da amsa a ma'aunin Faransa, inda digiri ɗaya yake daidai da miligiram 10 na alli a lita. Ƙasa da 15 ruwa mai laushi ne, sama da 30 mai tauri ne. A shigar da wannan a saitin injin, domin fitilar da ke cewa a wanke farin ƙasa ba ta ganin cikin bututu, litocin da suka wuce kawai take ƙirgawa bisa taurin da aka gaya mata. Injin da aka saita a wani gari na Jamus yana nan da lissafin can.

Ba dole sai ruwan wankin kamfani ba. Na DeLonghi asid laktik ne, wasu kamfanonin kuma suna amfani da asid sulfamik. Abin da ke samuwa a kasuwanninmu shi ne asid sitirik, ɗan tsamin da masu zoɓo ke sawa. Giram 25 a lita ɗaya ta ruwa ya isa, kusan cokalin miya biyu ba tozo. A narkar da shi sarai a ruwan sanyi. Sharaɗinsa ɗaya ne mai muhimmanci: idan ɗan tsami ya haɗu da alli cikin zafi mai yawa yana iya komawa wani farin gari da ba ya narkewa, ya toshe bututun fiye da da. Saboda haka a bi ta tsarin wanki na injin, wanda ke tura ruwan kaɗan-kaɗan yana hutawa, kada a tura shi ta maɓallin tururi, kada kuma a ƙara yawansa da nufin ya fi ci. A cire matata daga tanki kafin a fara. Bayan an gama a ɗauraye da tanki biyu na ruwa mai kyau. Binegir yana barin wari kuma yana cin wasu robobi. Ruwan batir da asid ɗin wanke bayan gida kuwa suna huda ƙarfe, kuma guba ne a abin da mutum zai sha. Mai ruwa mai laushi ya wanke duk wata uku, mai ruwan foraj mai tauri duk wata, ko ya koma zuba wa injin ruwan da aka tace. Ruwan da aka cire wa ma'adinai ƙaf shi ma bai dace ba, kafe yana fita lami kuma yana cin ƙarfe a hankali.

Zagayen wankin yana ɗaukar kusan rabin awa, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya wasu injinan suna ƙin komawa aiki sai an sake shi daga farko. Wuta ita ce matsala ta biyu. Injin wat 1450 yana jan sama da amfiya 6 a kan bolt 230. Ƙaramin regilatar na talabijin ba zai ɗauke shi ba, a nemi na 2000 VA zuwa sama, na 3000 ya fi kwanciyar hankali. A kan batirin sola na bolt 12, wannan inji yana neman sama da amfiya 120, abin da ƙananan tsarin gida ba sa jurewa. Inbata mai rahusa, wadda wutarta ba ta fita da lanƙwasa mai santsi kamar ta NIGELEC, tana dafa kat. Lokacin da wuta ta dawo bayan ɗaukewa, ko aka juya zuwa gurup, nan ne ƙarfinta ke yin tsalle, don haka a zare filogi da zarar ta ɗauke, musamman a watannin Afrilu da Mayu da yankewa ke yawaita. Injin da aka kawo daga Amurka na bolt 120 ne. Sa shi kai tsaye a wutarmu ƙona shi ne nan take, kuma taransifoma da za ta ɗauke shi sai ta kai wat 2000.

Idan wuta ta ɗauke ana cikin matsa kafe, sashen matsa yana tsayawa a tsakiyar hanya ya ƙi fita. A nan ne mutane ke karya shi da ƙarfi, alhali yana cikin kayan da suka fi wuyar samu. A mayar da tanki da akwatin tuka, a rufe ƙofa, a kunna, injin zai mayar da shi mazauninsa da kansa. Sai an kashe ta maɓalli an ji motar ta tsaya sannan a ciro.

Kat ɗin da ake cewa ya mutu sau da yawa abu ɗaya ne ya lalace a kansa. A injinan Senseo sanannen ciwo ne: fitila tana ƙyaftawa, inji yana mutuwa da zarar an danna, ko ya zuba rabin kofi ya tsaya. Kondansatar mai darajar 0.47 µF, ajin X2, ita ce ke raguwa da shekaru har wutar da ke isa ga kat ta gaza. Mai gyaran rediyo zai canza ta cikin mintuna, amma lallai a sa mai alamar X2 ta bolt 275 ko sama, domin an yi ta ne ta mutu ba tare da ta kama da wuta ba. A manyan injina ana duba baristo da ke bakin shigar wuta, da ƙaramin guntun da ke rage ƙarfinta, da tiriyak da ke kunna rezistans da famfo. Dukkansu suna da lamba a jiki kuma ana samun irinsu a matattun kayan lantarki. Abin da ba ya sayuwa shi ne guntun da ke ɗauke da manhajar injin. In shi ya ƙone sai kat daga inji irinsa sak.

Inji ya kunna amma ruwa ba ya zafi: a zare filogi, a bar shi ya huce, a auna rezistans da miltimita. Na wat 1300 zai nuna kusan om 40. In ya nuna a buɗe yake, ya tsinke. In yana lafiya, a auna fizibil na zafi da ke manne a jikin bulon, galibi guda biyu, masu tsinkewa a wajen digiri 190. Zafin da aka rubuta a jikin tsohon shi za a nema. Ana haɗa shi da matse waya, domin zafin dalma yana iya tsinka sabon tun ba a sa shi ba. Ɗaure wajen da waya don inji ya tashi ganganci ne da ke ƙarewa da gobara, kuma duk mai gyaran da ya ba da wannan shawara a ɗauke inji daga gabansa. Fizibil ba ya tsinkewa haka kawai, a nemo dalili: farin ƙasa, ko tiriyak da ya manne, ko sond ɗin da ke jin zafi. Sond mai lafiya adadin om ɗinsa yana sauka idan aka riƙe shi a hannu ya ɗumama.

Famfo kuwa abin farin ciki ne. Injina masu yawa, ko da sunayensu sun bambanta, famfon Ulka na Italiya suke ɗauke da shi, irin su EP5 da EX5, masu wat 48 da ƙarfin turi har bar 15, duk da cewa kafe yana fita ne a wajen bar 9. An yi shi ya yi aikin minti biyu ya huta minti ɗaya, shi ya sa injin gida da aka kai ofis mai mutum talatin ba ya daɗewa. In yana ƙara da ƙarfi ruwa ba ya fita, yawanci iska ce ta shige shi bayan tanki ya ƙafe. A buɗe bakin ruwan zafi, a tura ruwa da sirinji ta ramin da tanki ke zama, sautin zai sauka da zarar ya kama. In yana gurnani a hankali ba turi, sandar cikinsa ta manne saboda dogon zama, abin da ke yawan samun injinan da suka yi watanni a kwantena. Kafin a yanke wa famfo hukunci a duba ma'aunin gudun ruwa, wani ɗan farfela mai maganaɗisu da ke gaya wa kat yawan ruwan da ya wuce. Ƙwayar yashi ɗaya tana tsayar da shi, sai inji ya ce babu ruwa alhali famfo na turawa. Haka ɗan maganaɗisun da ke yawo a cikin tanki, in ya manne a ƙasa inji zai nemi ruwa tanki na cike.

Ruwa a ƙarƙashin inji, ko tuka da ke fitowa jagab, zoben roba ne. A auna faɗin ramin zoben da kaurinsa da milimita, a nemi na silikon ko EPDM da aka yi don abinci da ruwan zafi. Baƙin zoben masu gyaran babur yana taurarewa a wannan zafi. Sashen matsa na Philips da Saeco da DeLonghi yana fita da hannu. A wanke shi da ruwa zalla duk mako, a shanya a inuwa, a shafa masa man silikon na abinci a kan hanyoyinsa da zobensa bayan kamar kofi 500. Basilin da giris ɗin mota suna kumbura roba, man gyaɗa yana daskarewa ya yi ɗoyi. Na Jura da Krups a kulle yake a ciki, Jura ma da kusoshi masu kai kamar ƙwai da ke buƙatar maɓuɗi na musamman, don haka su sai ƙwayar wanki a kan lokaci da hannun mai gyara.

Haƙoran niƙa suna cikin kashi na biyu, a kiyaye su. Na Philips da Saeco na tangaran ne, tsakuwa ɗaya tana fasa su. Ƙwayar da aka saya a buhu sai an tsince ta a faranti. Wadda aka soya da sukari ko mai tana manne haƙora. Masu son kafe da kimba irin na Senegal, ko da kanumfari da citta, su zuba kayan ƙamshin a kofi ko a tukunya, kada su bi ta injin niƙa. Ana juya ma'aunin laushin gari ne kawai lokacin da niƙa ke gudana, mataki ɗaya a kowane karo.

Zafin Yamai yana hanzarta komai. Tuka mai laima tana yin fumfuna cikin kwana biyu, a zubar kullum, kuma inji na kunne, domin in a kashe aka zubar ƙirgensa ba ya komawa sifili. Hanyar madara a wanke ta bayan kowane amfani. Ɗumi da laima suna jawo kyankyasai su kwana a kan kat, kashinsu yana haɗa wuta. Da hunturu a rufe inji da ƙyalle idan ya huce, ƙura na shiga ta mazubin ƙwaya.

Kayan kashi na biyu hanyarsu ɗaya ce tabbatacciya: mataccen inji irin naka. Wanda ya ga ɗan'uwan injinsa a Katako ko wajen masu kayan gwanjo, ko da ba ya tashi, ya saya ya ciro sashen matsa, injin niƙa, kat, tanki da ma'aunin ruwa, ya busar da su ya ɗaure a leda da lambar samfurin a rubuce. Samfura da yawa na kamfani ɗaya suna tarayya a sashen matsa, kamar jerin ECAM na DeLonghi, don haka a gwama lambar piyas ɗin kanta kafin a ce bai dace ba. Zobba da fizibil da famfo ɗaya na ajiya ba su da nauyi a jakar matafiyi, a yi saƙonsu tun inji na lafiya. Mai saye sabon shiga kuma ya sa a kunna masa inji a gabansa da ruwa da ƙwaya, ba tare da waya ko intanet ba, ya ga kofi biyu sun fita a jere da zafinsu, ya ciro akwatin tuka ya duba ko ta dunƙule, sannan ya ɗaga injin ya ga ko teburin ya jiƙe.